Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Na'ura da Biyan Kuɗi Saboda Wasan da Bai Fito Ba

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun taru ne a kan wasan Grand Theft Auto VI na kamfanin Rockstar Games, da raɗe-raɗin da masoyansa ke yi game da ranar fitowarsa da na'urorin da zai hau. Na zaɓi guda huɗu daga cikinsu, domin kowace ta shafi kuɗin da wani ya sha wahala kafin ya tara.

Tambaya: Malam, na daɗe ina tara kuɗi saboda wannan wasa. Ina da kwamfuta wadda ta ɗan kwana biyu, kuma na ji ana cewa wasan zai fito a kwamfuta rana ɗaya da na'urorin wasa. Shin in sabunta kwamfutar tawa tun yanzu, ko kuwa in sayi PlayStation 5?

Amsa: Ɗan'uwa, bari mu fara da abin da kamfanin ya faɗa da bakinsa, domin shi kaɗai ne za a iya kafa ciniki a kansa. A watan Fabrairun 2022 Rockstar ya tabbatar da cewa yana aikin sabon wasan. A watan Disamban 2023 ya saki bidiyon talla na farko, wanda ya nuna shekarar 2025 a ƙarshensa. A watan Mayun 2025 ya ɗage fitowar zuwa 26 ga Mayu, 2026, sannan a watan Nuwamban 2025 ya sake ɗagewa zuwa 19 ga Nuwamba, 2026. A waɗannan sanarwowi, na'urorin da aka ambata su ne PlayStation 5 da Xbox Series X da S, ba a kawo zancen kwamfuta ba. Saboda haka maganar da ka ji hasashe ce ta masoya, kuma tarihin kamfanin bai goyi bayanta ba.

Grand Theft Auto V ya fito a na'urorin wasa a watan Satumban 2013, amma masu kwamfuta ba su same shi ba sai a watan Afrilun 2015, wato bayan kusan wata 19. Red Dead Redemption 2 ya fito a watan Oktoban 2018, ya iso kwamfuta a watan Nuwamban 2019. Shi kuwa Red Dead Redemption na farko, wanda ya fito a 2010, sai a watan Oktoban 2024 ya hau kwamfuta, bayan shekara 14. Wannan jeri yana nuna cewa kamfanin ya saba farawa da na'urorin wasa, kuma tazarar da yake bari a tsakani ba ta da ƙa'ida guda da mutum zai lissafa ya dogara da ita.

Abin da ya fi damuna a shirinka shi ne sabunta kwamfuta alhali ba a fitar da jerin ƙarfin da wasan zai buƙata ba. Duk wanda ya sayi katin sarrafa hoto ko ya ƙara ma'adana saboda wasan da ba a faɗi buƙatunsa ba, cinikin biri a sama ya yi. Kayan kwamfuta suna sauyawa da sauri, kuma katin da ya isa a yau yana iya zama na baya kafin ranar da ake buƙatarsa ta zo. Idan kwamfutarka tana yi maka aikin da kake so yanzu, ka bar ta yadda take.

Game da na'urar wasa kuwa, tambayar da zan so ka yi wa kanka ita ce: idan aka sake ɗage wasan da wata shida, shin akwai wasu wasanni uku ko huɗu da suka riga suka fito waɗanda za su sa ka ji cewa na'urar ta biya kuɗinta? Idan akwai, saye yanzu ba laifi ba ne. Idan kuwa wannan wasa guda ne dalilin sayen, ka jira, domin garantin na'ura yana fara ƙirga ne daga ranar da aka saye ta, kuma ba ƙaramar asara ba ce ya ƙare tana ajiye a kwali. Ba zan ɓoye maka ba cewa jira ma yana da nasa haɗarin, tun da a 2025 Sony mai PlayStation da Microsoft mai Xbox duk sun ƙara farashin na'urorinsu a kasuwanni da dama, saɓanin yadda aka saba gani a da cewa na'ura tana sauƙi idan ta tsufa. Duk da haka, ƙarin da za a iya yi wa farashi bai kai asarar ajiye dukan kuɗin a kan abin da ba a amfani da shi ba. Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka a ware, ka saya idan ya rage 'yan makonni kuma ranar tana nan daram.

Tambaya: Kullum sai na ga wani sabon bidiyo yana cewa an kwarmato taswirar wasan, ko farashinsa, ko ranar da za a saki sabon talla. Wasu daga cikin irin waɗannan labarai sun taɓa zama gaskiya. Ta yaya zan gane wanda ya kamata in yarda da shi?

Amsa: Gaskiyarka, wasu sun tabbata, kuma wannan ne ya sa sauran suke samun kasuwa. A watan Satumban 2022 wani mai kutse ya saki bidiyo kusan 90 na wasan tun yana matakin gini, kuma Rockstar da kansa ya fito ya amsa cewa na gaske ne. Abubuwan da aka gani a ciki, kamar komawa birnin Vice City da jarumai biyu, Jason da Lucia, duk sun bayyana daga baya a tallan kamfanin. To amma ka lura da abin da ya bambanta wannan da abin da kake gani kullum: akwai abin da ido ya gani, kuma wanda abin ya shafa ya tabbatar. Ko a nan ma, abin da aka kwarmato ya nuna yadda aikin yake ne a lokacin da aka ɗauke shi, alhali masu gina wasa suna cire abubuwa suna ƙara wasu har zuwa ƙarshen aiki.

Ni dai ina auna labari ne da nisansa daga mai abin. Sanarwar kamfanin a shafinsa ita ce gaba da komai. Bayanta sai abin da uwar kamfanin, wato Take-Two Interactive, take faɗa wa masu hannun jari a rahotonta na kowane wata uku, domin magana ce da doka take sa wa ido kuma ba a furta ta da wasa. Ko da yake nan ma ya kamata a tuna cewa ta sha nanata kakar ƙarshen 2025 kafin a zo a ɗage, wanda ke nuna cewa ranar da kamfani ya faɗa niyya ce da yake fatan cikawa. Sai kuma 'yan jarida masu sa sunansu a kan rahoto, waɗanda za a iya komawa a duba abin da suka faɗa a baya a ga nawa ne ya tabbata. Can ƙarshe ne ake samun shafukan da ba a san mai su ba, da masu bidiyon da ke samun kuɗi gwargwadon yawan masu kallo. Shi irin wannan mutum, ko hasashensa ya ci ko bai ci ba, ya riga ya karɓi ladansa tun lokacin da ka danna.

Akwai wata hanya mai sauƙi da nake ba mutane shawara su gwada. Ka rubuta abin da mai bidiyon ya ce zai faru da ranar da ya sa, ka dawo bayan ranar ta wuce. Masoyan wannan wasa sun taɓa kaiwa ga nazarin siffar watan sama a hotunan da kamfanin ke sakawa don su gano ranar talla na biyu, ranakun da aka yi ta sawa suka zo suka wuce, sai a watan Mayun 2025 tallan ya fito a lokacin da kamfanin ya ga dama. Ban ga aibu a irin wannan nishaɗi ba, kuma na san daɗin da ke cikin zama da abokai ana warware kowace daƙiƙa ta talla. Inda nake jan kunne shi ne wurin da hasashe ya fara taɓa aljihu.

Wani kuskure kuma shi ne fassara shirun kamfani. Wasu suna ɗaukarsa alamar an soke wasa, wasu kuma alamar ya kusa. An sanar da wasan Hollow Knight: Silksong a watan Fabrairun 2019, ƙaramin kamfanin Team Cherry na Ostireliya ya shafe shekaru da kyar ake jin ta bakinsa, sai ga shi a watan Agustan 2025 ya faɗi rana, wasan ya fito ranar 4 ga Satumba, mako biyu kacal bayan sanarwar. A ɗaya ɓangaren, an nuna Scalebound a 2014, an yi ta tallansa a manyan taruka, amma Microsoft ya soke shi a watan Janairun 2017. Nintendo kuwa ya sanar da Metroid Prime 4 a 2017, sannan a farkon 2019 ya fito fili ya ce an rushe aikin an koma farko. Wanda ke waje ba shi da hanyar sanin wanne daga cikin waɗannan ke faruwa a bayan ƙofa.

Tambaya: Idan aka buɗe damar biyan kuɗin wasan tun kafin ya fito, in biya? Ina tsoron kada ya ƙare ban samu ba, kuma an ce masu biya da wuri suna samun ƙarin kaya a cikin wasan.

Amsa: Wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa, domin ba kaya ba ne da ake jerawa a kan kanta, mutum na miliyan goma zai samu daidai abin da na farko ya samu. Tsoron ƙarewa yana da ma'ana ne kawai ga mai son faifai ko bugu na musamman da ake yin adadi kaɗan. Shi kuwa ƙarin kayan da ake kwaɗaitarwa da su, yawanci sutura ce ta jarumi ko makami ko ɗan kuɗin cikin wasa, abubuwan da ba sa sauya ingancin wasan ko kaɗan.

Abin da ya faru da wasan Cyberpunk 2077 ya isa darasi. An sa masa ranar fitowa 16 ga Afrilu, 2020, aka ɗage zuwa Satumba, aka ɗage zuwa Nuwamba, har bayan an ce aiki ya kammala aka sake ɗagewa zuwa 10 ga Disamba. Kamfanin CD Projekt, wanda ya yi wasan, ya ce an biya kuɗin kwafi miliyan 8 tun kafin fitowa. Masu sharhi ba su samu damar gwada wasan kafin ranar ba sai a kwamfuta, kuma da ya fito sai aka tarar yana cike da matsaloli a PlayStation 4 da Xbox One, har ta kai Sony ya cire shi daga shagonsa bayan mako guda, bai mayar da shi ba sai a watan Yunin 2021. An gyara wasan daga baya ya zama abin yabo, amma waɗanda suka biya da wuri su ne suka sha wahalar farkon, waɗanda suka jira kuma suka samu wanda ya fi kyau. Ba ina cewa haka za ta faru da kowane wasa ba ne. Abin da nake cewa shi ne, bidiyon talla zaɓaɓɓun wurare ne da kamfani ya ga dama ya nuna, kuma kwana biyu ko uku bayan fitowa sun isa ka ga yadda wasan ke gudana a irin na'urarka, a hannun mutanen da ba a biya su don su yabe shi ba. Gani ya kori ji.

Idan duk da haka ranka ya tsaya a kan biya da wuri, to ka karanta ƙa'idar mayar da kuɗi kafin ka danna. A Steam, shagon intanet na wasannin kwamfuta, ana iya neman a mayar wa mutum kuɗinsa cikin kwana 14 muddin bai buga wasan ya kai awa 2 ba, kuma wanda ya biya tun kafin fitowa yana iya janyewa kafin ranar. A shagon PlayStation kuwa, da zarar ka fara sauke wasan, haƙƙin janyewa yakan faɗi sai dai idan wasan yana da lahani. Wannan bambanci yana da muhimmanci, musamman da yake na'urar tana iya fara saukewa da kanta kwanaki kaɗan kafin ranar idan ba a kashe wannan tsari ba.

Tambaya: Ɗana mai shekara 13 ya nuna mini wani shafi da ke cewa za a iya sauke gwajin wasan a waya idan aka biya ɗan kuɗi kaɗan, kuma ya dame ni da roƙo. In biya masa?

Amsa: Hajiya, kada ki biya, kuma kada a sauke komai daga wannan shafi. Kamfanin bai ambaci waya ba a cikin na'urorin da wasan zai hau, don haka abin da ake tallatawa ba nasa ba ne. Irin waɗannan shafuka suna fakewa ne da sunan wasan da ake ɗoki don su karɓi bayanan katin banki ko su cusa manhajar leƙen asiri a cikin waya. Idan yaron ya riga ya sauke wani abu, a cire shi, a sauya kalmomin sirri na imel da na asusun wasanninsa, kuma idan an taɓa shigar da lambar kati a wurin, a sanar da banki nan take.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani ko da wasan na gaskiya ya fito. Grand Theft Auto V yana ɗauke da alamar shekara 18 a tsarin PEGI na Turai, da alamar 17 zuwa sama a tsarin ESRB na Amurka, saboda tashin hankali da munanan kalamai da abubuwan da suka shafi manya, kuma tallan sabon ya nuna cewa a kan wannan hanya yake. Ana buga wannan alama a jikin kwalin kowane wasa da kuma shafinsa a shagon intanet, tare da taƙaitaccen bayanin dalili. PlayStation da Xbox duk suna da tsarin kulawar iyaye, inda za ki buɗe wa yaron asusu a ƙarƙashin naki, ki ƙayyade shekarun wasannin da zai iya buɗewa, ki kuma sa duk wani saye ya zama sai da amincewarki.