Na cinye kuɗin susu, azumi ya kasa wanke ni

Mama, barka da aiki. Ni Kirista ce, ina zaune a Aboabo, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, nan Kumasi. Shekarun baya ni ke riƙe da susu, wato adashin matan layinmu. Da bashi ya shaƙe ni, sai na cinye kwasar wata maƙwabciyata, na ce ɓarayi ne suka yanke mini jaka a cikin trotro, motar haya. Baiwar Allah ta yarda, har ita ke ba ni haƙuri. Tun daga nan ba na fashin addu'ar dare, ina azumi, ushirina ma na ninka shi, amma barci ya ƙi. Ko gaishe ni ta yi sai gabana ya faɗi. Me kuma zan ƙara kafin Allah ya karɓe ni?

'Yarki daga Aboabo

'Yata, sannu. Ba abin da za ki ƙara, don Allah ba ya ciniki. Buɗe Romawa 3:23-24. Bulus ya ce kowa ya yi zunubi, kuma kyauta ake baratar da mutum, wato a ɗauke shi mai adalci, ta alherin Allah, saboda fansar da ke cikin Almasihu Yesu. Adalcin da za ki tsaya da shi a gaban Allah na Almasihu ne, da bangaskiya ake karɓarsa. Afisawa 2:8-9 ta ƙara da cewa ba ta wurin ayyuka ba ne, don kada wani ya yi fahariya.

Ba ke kika fara wannan wahala ba. Martin Luther, wanda ya tayar da ƙura a Jamus a 1517, ya sha azumi da furta zunubi a gidan sufaye har ya galabaita, bai samu salama ba sai da Romawa 1:17 ta zauna masa: mai adalci ta bangaskiya zai rayu. Katolika da Lutheran, mabiyan Luther, sun daɗe suna jayayya a kan wannan batu, amma a 1999 a Augsburg suka sa hannu cewa ta alheri kaɗai Allah ke karɓarmu, ayyukan kirki kuwa daga baya suke biyowa.

To amma kada ki ce Mama ta ce shi ke nan. Ushirin da kika ninka, kuɗin wa ne a ciki? Kina zuba wa coci abin da maƙwabciyarki ke bin ki. Yesu ya faɗa a Matiyu 5:23-24 cewa in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Dubi kuma Zakka, mai karɓar haraji, a Luka 19. Sai da Yesu ya shiga gidansa, sannan ya miƙe ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Karɓa ce ta zo da farko, biya ya biyo baya, kuma bai tsallake biyan ba.

Ki nemi matar fasto ko wata dattijuwa mai riƙe sirri ta raka ki. Ki je gidan matar, ba rumfa ba, kin san bakin kasuwa. Ki faɗa mata gaskiya, kada ki kawo zancen bashin da ya matsa miki. In kuɗin ba su cika a hannunki ba, ki kai abin da ya samu, ku yanka abin da za ki riƙa ba ta duk mako. Wataƙila ta yi fushi, wataƙila ta daina gaishe ki, haƙƙinta ne. Susu kuwa, ki bar wa wata ta riƙe har ki gama biya.