Amsoshin Tambayoyinku: A Yarda da Mujallun Hoto na Jamus?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a Agege, akasarin aikina bikin aure da suna. Ina tara kuɗin canja kyamara, sai wani ɗan'uwana da ke Jamus yake turo mini shafukan mujallun hoto na can, ni kuma ina fassara su da waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kusan duk kyamarar da suka gwada sai su ce tana da kyau ƙwarai, ga kuma tallan kamfanin a shafi na gaba. Shin waɗannan mujallu gashin kansu suke ci, ko kuwa 'yan koren kamfanoni ne?
Daga wani mai hoto, Agege, Legas

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka lura da abin lura, amma bai kamata a yi wa mujallun nan kuɗin goro ba, domin kowace da inda take samun abincinta.

Akwai wadda ba ta ɓoye ubangidanta ba, kamar LFI ta birnin Hamburg, mujallar gidan Leica mai ƙera kyamara, wadda asalinta ya koma shekarar 1949. Hotunanta na gani na faɗa ne, sai dai ba wurinta ake neman aibin Leica ba. A ɗaya gefen akwai gidauniyar Stiftung Warentest ta Berlin, wadda gwamnatin Jamus ta kafa a 1964. Mujallarta mai suna test ba ta karɓar talla ko kaɗan, kuma kayan da za ta gwada a kanti take saye kamar kowa, ba tare da mai kaya ya sani ba. Wajen 'yanci babu kamarta, illa dai ba mujallar masu hoto ba ce, ita ce ke gwada injin wanki da man goge baki, don haka bayaninta ya fi dacewa da mai sayen kyamarar gida.

Yawancin waɗanda ake turo maka a tsakani suke, irin su fotoMAGAZIN, CHIP Foto-Video da c't Fotografie ta kamfanin Heise na birnin Hanoba. Waɗannan da kuɗin masu karatu da kuma na talla suke rayuwa, kuma bisa al'ada kamfanoni ne ke ba su aron kyamarar da za su gwada. Dokar jarida a Jamus ta wajabta a yi wa talla alama da kalmar Anzeige, sashe na 7 na ƙa'idojin majalisar 'yan jarida ta ƙasar kuma ya ce a raba talla da aikin edita. Sai dai iyakar majalisar ta tsawatar a bainar jama'a, ba ta cin tara.

Matsalar ta ƙaru ne da kasuwa ta tsuke. A 2010 kamfanonin da ke CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121, amma a 2020 ba su kai miliyan 9 ba, saboda waya ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori. Baje kolin kayan hoto na Photokina a birnin Kolon, wanda aka fara a 1950, tun 2018 ba a sake yin sa ba. Idan masu talla suka rage 'yan ƙalilan, edita zai yi tunani sau biyu kafin ya ɓata wa ɗayansu rai, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ganina ba ƙarya suke shirgawa ba, tausasa harshe suke yi, su tura aibin can ƙasan shafi. A yi musu adalci kuma, kyamarorin yanzu da wuya ka sami lalatacciya, shi ma yana cikin dalilin da maki ke yin sama.

Ƙarfinsu yana wajen awo. Suna ɗaukar allon gwaji iri ɗaya a haske iri ɗaya, su auna kaifin hoto, da dusar da ke fitowa idan an ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, da saurin kama fuska. Waɗannan alkaluma ka riƙe, ka kwatanta na mujallu biyu, ka karanta layin aibobi kafin ka dubi tambarin yabo. Idan kuwa fasahar hoton kanta kake nema, Camera Austria ta birnin Graz a Ostiriya, wadda ke fitowa tun 1980, da Jamusanci da Turanci ake buga ta.

Abin da awon Jamus ba zai gaya maka ba shi ne yadda kyamara za ta yi da danshin Legas, ko a ɗakin biki da aka ɗauke wuta amarya na shigowa. Wannan sai ka tambayi abokan sana'a da masu gyara. Idan tokumbo za ka saya a Computer Village ta Ikeja, ka sa a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, ka cire gilashin ka haska shi da tocilar waya ko akwai furfurar danshi a ciki, sannan ka tabbatar ana samun batirinta a kasuwa kafin ka biya.