Game da madubinka da mutanen titi

Ɗana, saƙonka ya iso ni, na kuma ga hoton madubin hangen taurarin da ka ƙera, mai faɗin inci 16. Allah ya yi maka albarka. Ka ce 'yan ƙungiyarku a can Amurka sun matsa maka ka fitar da shi bakin titi kowa ya leƙa kyauta, kai kuma ranka bai kwanta ba saboda wahalar da ka sha, kana tambaya ko dole ne.

Babu dokar da ta tilasta ka. Al'ada ce, amma ina so ka san tushenta kafin ka ƙi.

Irin ginin da ka yi, wato dogon bututu zaune a cikin akwatin katako mai juyawa, ana jingina shi ga John Dobson ne. An haife shi a Beijin a 1915, ya karanta kimiyyar sinadarai, sannan a 1944 ya shiga gidan ibadar Vedanta, wata ɗariƙar addinin Hindu, a San Faransisko, ya yi shekara 23 cikinsu. Ba shi da ko sisi. Gilashin tagar tsofaffin jiragen ruwa yake samowa ya goge da hannu, bututun kuwa na kwali ne, irin wanda magina ke zuba kankare a ciki. Da ya ga wata ta cikin abin da ya ƙera, sai ya kasa riƙe abin shi kaɗai, yakan sulale daga gidan don ya nuna wa maƙwabta, har aka sallame shi a 1967. A 1968 shi da wasu matasa biyu suka kafa ƙungiyar masu nuna taurari a gefen titi. Bai taɓa yin rajistar mallakar wannan fasaha ba, ya bar wa duniya, ya rasu a 2014.

To ka gani. Kafin shi, talaka ba ya mafarkin madubi mai girman naka, domin ƙafar ƙarfen da za ta ɗauke shi ta fi ƙarfin aljihunsa. Zanen da ka bi kyauta ya zo hannunka, kuma wanda ya ba da shi abin da ya nema kawai shi ne mutane su gani. Ai ko a nan gida, wanda ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa ba ya hana maƙwabci jefa guga.

Na san abin da ke ranka, kuma ban ga laifinka ba. Wanda ya yi watanni yana zagaya gangar da ya ɗora gilashin a kai, yana murza gilashi kan gilashi da garin gogewa da ruwa, yana duba lanƙwasar da kaifin reza a ɗaki mai duhu, dole hankalinsa ya tashi in yaro ya miƙa hannu. Shi ya sa al'adar ta zo da ladubbanta, kuma mai madubi ne ke tsare su. Ba a taɓa fuskar madubin, domin shafen alminiyon a sama yake, yatsa ɗaya ya isa ya bar tabo. Tsani kai za ka riƙe, mutum ɗaya ke hawa. In kun fita daji wurin duhu, jar tocila kawai ake kunnawa, saboda ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake rushe wannan. Abin da ba na so ka yi sakaci da shi ko kaɗan shi ne rana: da hantsi ko da la'asar, bakin bututun ya kasance a rufe, domin leƙe ɗaya na iya makantar da mutum.

Ka fara da daren 7 ga wata, lokacin da inuwa ke fito da ramukansa da duwatsunsa sarai. Tunda naka ba shi da inji, watan zai riƙa zamewa daga gani, sai ka ɗan tura bututun bayan kowane mutum ya sauka. In tauraron Zuhal (Saturn) na sama, ka nuna musu zobensa. Dattawa ka fara ba su, yara kuma ka duba tsayinsu kafin su hau.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yaran. Duk mutanen gida suna gaishe ku.