Lambar P0420 ta fito, kada ka yi saurin yanke katalis

Ka ce Corolla ta kunna wutar inji, kwamfuta ta nuna P0420, ko a yanke katalis a sa wani? Dakata tukuna, yaro. Katalis ita ce tukunyar da ke jikin salansa, mai rage gubar hayaƙi. Abin da lambar ke faɗi shi ne sensar baya, wadda ke auna iskar oksijin a hayaƙi bayan ya wuce katalis, ba ta gamsu da hayaƙin da ke wuce ta ba. Laifin zai iya zama na katalis, na sensar kanta, ko na ɓula a salansa. A inji V6 za ka iya ganin P0430, matsalar ɗaya ce, a ɗaya ɓangaren ne kawai.

Fara shiga ƙarƙashin motar. In ka ga sabuwar walda a jikin tukunyar, wataƙila an riga an kwashe indomin da ke ciki, wato abin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, don akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam a jikinsa. Bubbuga ta da gudumar roba: in ta yi kacau-kacau, cikin ya farfashe. Baƙin hayaƙi a bakin gasket kuma alamar yoyo ne. Iskar da ke shiga ta nan tana ruɗa sensa.

Sai ka jona kwamfuta. Bari inji ya yi zafi sosai, ka riƙe totur a 2,500 rpm, wato juyin inji a minti. Sensar baya ta kamata ta tsaya wajen 0.6 zuwa 0.7 bolt, tana motsi kaɗan. In tana hawa da sauka da sauri tsakanin 0.1 da 0.9, katalis ya gaji. In ta ƙame wuri guda ko ka taka totur ko ka saki, sensar ko wayarta ake zargi.

Mota mai ƙin ja a hawa, toshewar katalis ake zargi. Cire sensar gaba, wadda ke kafin katalis, ka ɗaura gejin matsin hayaƙi a gurbinta: a 2,500 bai kamata ya wuce 3 psi ba.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne me ya kashe katalis ɗin. Fulogi ko koyil da ba ya ba da wuta yana tura ɗanyen fetur cikin salansa, ya ƙone a katalis har ya narkar da shi. Nemi P0300 zuwa P0304, lambobin silinda da ba ta ƙona fetur daidai. Nozul mai ɗiga haka take yi, sau da yawa da P0172, lambar yawan fetur. Injin da ke shan baƙin mai, ko gasket da ke sakin ruwan lagireto, suna rufe ramukan da datti, kuma babu maganin kwalba da zai wanke wannan. Ka sa sabo ba ka gyara waɗannan ba, mai mota zai dawo da faɗa.

In an gama, goge lambar, ka hau hanyar Kano daga Kwangila a Zariya, gudun kilomita 80 zuwa 90 a awa na kamar minti ashirin. Kada ka ba da makulli sai kwamfuta ta nuna gwajin katalis ya kammala.