Kasuwa ta faɗi, yaya ya ce in kwashe in sayi fili

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne, shekara uku ke nan ina aikin kula da tsofaffi a Bradford da bizar ma'aikatan lafiya. Na tara fam 6,000 na zuba a hannun jari ta manhajar waya. Cikin mako biyu kusan fam 700 suka zube, har barci ya gagare ni. Yayana ya ce in kwashe ragowar in aiko ya saya mini fili, tunda ƙasa ba ta faɗuwa. Nan da shekara biyu zan nemi takardar zaman dindindin, ni da iyalina. Yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa wa nema albarka.

Ba fam 700 ɗin ne suka fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ba, layin ƙarshe ne. Idan cikin wannan 6,000 ɗin kake shirin biyan kuɗin takarda, to tun farko ka ajiye su inda bai dace ba. A 2025 kuɗin neman zaman dindindin a Birtaniya ya kai wajen fam 3,000 a kan kowane mutum ɗaya, sai ka lissafa kanka da maiɗakinka da yara. Ga shi bizarka a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka aiki. In kamfanin ya rasa lasisin ɗauko ma'aikata daga waje, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samo wani, kuma irin bizarku ba ta ba ka damar karɓar tallafin gwamnati. Saboda haka kuɗin takarda da na haya da abinci na wata uku zuwa shida, wurinsu asusun ajiya ne da za ka iya cirewa gobe da safe. Abin da ya yi saura, wanda ba ka bukatarsa sai bayan shekara biyar ko goma, shi ake kai wa kasuwa.

Shi kuwa wannan saura, kada ka taɓa shi don kasuwa ta girgiza. Halinta ke nan. A farkon 2020, da korona ta ɓarke, ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya zube da kusan kashi 34 cikin ɗari a cikin mako biyar, amma kafin watan Agusta ya fita ya koma inda yake. Wanda ya sayar a watan Maris shi ya tabbatar wa kansa da asara. Ba kullum ake farfaɗowa da wuri haka ba. A rikicin 2008 ma'aunin ya rasa fiye da rabi, kuma sai 2013 ya dawo. Shi ya sa nake nanata maganar shekaru. Ɗan kasuwar Dawanau da ya sayi masara da kaka ba ya buɗe sito kowace safiya yana kuka don buhu ya sauka. Ya san damina yake jira. Wanda ke kuka shi ne wanda ya ci bashi ya saya, mai kuɗi kuma ya tsaya masa a ƙofa. Haka ta faru da mutanenmu a Najeriya a 2008, da yawa sun karɓi rancen banki sun sayi hannun jari, kasuwa ta rushe, bashi ya zauna daram.

Ba ka faɗa mini abin da ka saya ba. In kamfani ɗaya ko biyu ne da wani ya yaba a TikTok, wannan caca ce da rigar kasuwanci, kuma kamfani ɗaya yana iya faɗuwa bai tashi ba har abada. In asusu ne mai haɗa ɗaruruwan kamfanoni na ƙasashe daban-daban, to ka samu inda za ka jingina. Akwai waɗanda aka tace bisa shari'a, babu bankunan ruwa, babu giya, babu caca. Ka duba abin da masu kula da asusun suke yanka duk shekara, domin kashi 1 cikin ɗari da kake rainawa gara ce, a hankali take cin ginshiƙi. Ka tabbatar manhajar tana cikin rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin hada-hadar kuɗi a Birtaniya, ka sa kuɗin cikin asusun ISA, wato asusun ajiya da zuba jari na musamman a Birtaniya, don ribar ta tsira daga haraji, sannan ka riƙa zuba abu kaɗan kowane wata ranar albashi, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Manhajar kuma ka ɗauke ta daga fuskar wayarka. Na san yadda ake yi: an taso daga aikin dare, ana cikin bas, ido ya yi nauyi, sai yatsa ya kai kanta, a ga ja, alamar faɗuwa, zuciya ta buga.

Wani abu da 'yan'uwa ke yi yana ba ni takaici, wato fita daga fanshon wurin aiki don albashi ya ɗan ƙaru. Doka ta wajabta wa mai aikinka ya zuba maka aƙalla kashi 3 cikin ɗari na albashin da ake lissafa wa fansho. In ka fita, ka bar masa ke nan.

Sai maganar yaya. Fili abu ne mai kyau, kuma duk mai niyyar komawa gida yana son wurin da zai aza tubali. Amma cewa ƙasa ba ta faɗuwa, a naira ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Filin da ya ninka kuɗinsa a naira a wannan tsakanin, in ka mayar da shi fam, asara ka yi. Babu dai manhajar da za ta nuna maka ja. Ga wahalar sayarwa ranar da kake neman kuɗi da gaggawa, ga dillalin da zai sayar wa mutum biyu fili ɗaya.

Ka gaya wa yaya cikin ladabi cewa ka ji shawararsa, za a sayi filin, amma sai takarda ta fito, kuma daga sabon tari. In lokacin ya yi, a rubuta da sunanka, lauya ya duba takardun a ofishin filaye, a yi shaidu, a turo maka hoton kowane shafi kafin ka aika ko sisi.