Damuwa, Fargaba da Zullumi: Amsa ga Wata Ƴar'uwa daga Tawa

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Tawa. Ta ce maigidanta yana Abijan, wata huɗu ke nan bai aiko ko dala ba. Ruwan damina ya kayar da katangar gidansu, tsohuwarta tana kwance, ga komawar yara lakwal a watan Oktoba. "Malam, da dare ba na barci. Wasu sun ce damuwa ce, wasu sun ce fargaba, ƙawata ta ce zullumi ne. Duk abu ɗaya ne? Kuma me ake nufi da ana kukan targaɗe sai ga karaya?"

Allah ya kawo sauƙi, ƴar'uwa, ya ba Inna lafiya. Ba abu ɗaya ba ne.

Damuwa ƴar gidan "dama" ce, wannan dai da kike yi wa fura, ko hura yadda ake faɗi a Adar. Dubi yadda ake cewa an dafa ya dafu, an tara ya taru, an gyara ya gyaru. Haka nan an dama ya damu. In kin sa ludayi cikin ƙwarya kika yi ta juyawa, can sai ki rasa ina gero ina nono. Mutumin da ya damu ke nan: katanga da kuɗin magani da shirun maigida sun zama ruwa guda, ba ya iya ɗebo ɗaya ba tare da sauran sun biyo ba.

Fargaba kuwa faɗuwar gaba ce aka dunƙule, gaba a nan ƙirji. Ita ba ta zama, faɗowa take yi. Waya ta yi ƙara da tsakar dare, kafin ki duba lamba ƙirjinki ya buga. Zullumi shi ne mai zama. Yana jiran kowa ya kwanta, sannan ya shiga auna miki abin da bai faru ba tukuna. Ina ganin ƙawarki ta fi kusa da gaskiya.

Karin maganar a sarari take: ƙaramar wahala ba ta wuce ba, babba ta iso. Amma akwai abin da mutane ke tsallakewa. Mai karin maganar bai ce ciwo biyu ba, ya kira kowanne da sunansa. Targaɗe ja da shafa mai yake so. Karaya sai maɗori, da kara da tsumma, da makonni ana jinya. Duk wanda ya taɓa kai yaro wurin ɗori ya ga yadda maɗori ke bin ƙafa da yatsa sannu a hankali, yana tambaya "nan ne? nan fa?" kafin ya taɓa komai. Ko cikin kuka, Bahaushe ya san wanne ya fi wanne.

Shi ya sa nake so ki lura da yadda muke maganar hankali, kalmar da muka aro daga Larabci. Muna cewa ya tashi, muna cewa ya kwanta, kamar ruwan tabki a tulu. Ba a tsayar da shi da ƙara juyawa. Ki zauna da safe, ba da dare ba, ki kira abubuwan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ciwon Inna kamar karaya ne, ba ya jira. Katanga zana na iya tsare ta har kaka. Na lakwal a je a yi magana da malamai tun da wuri. Shirun Abijan ba a hannunki yake ba, sai dai a nemi wani ɗan gari da ke can ya leƙa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Na san za a yi ta ce miki ki yi haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne, amma ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka mayar da wannan magana murfin baki. Mai dafa dutse ai ba naɗe hannu yake ba, icce yake turawa. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In rashin barcin ya kai makonni, abinci ya daina shiga, ko ƙirji yana bugawa ba dalili, ki je likita ki faɗa kamar yadda kika faɗa mini. Ana duba wannan kamar yadda ake duba hawan jini, ba hauka ba ne.

Wani ɗalibi kuma daga Bukoki a Yamai ya tambayi mene ne "siyaki" cikin gaba kura baya siyaki. Shi ma dangin kura ne, sai dai jikinsa zane-zane ne, ita kuwa ɗige-ɗige, kuma bai kai ta girma ba. Wasu suna cewa sayaki, duka daidai ne.