Kafin ki saya wa 'yan nazare kwamfutar hannu

Tambaya: Ina da makarantar nazare, kuma a aji ɗaya akwai yara 20 'yan shekara 3 zuwa 5. Iyaye sun dame ni cewa wasu makarantu sun zuba na'urori. Kuɗin da na ware zai ishe ni ko dai kwamfutar hannu ga kowane yaro, ko babban allon taɓawa guda ɗaya. Wanne zan saya?

Amsa: Hajiya, da ni ce, ba zan sayi ko ɗaya a cikin biyun ba. Mu fara da lissafin lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allon na'ura, in ma ya gaza haka ya fi. Awa ɗayan nan har da ta gida, kuma da yawa cikin yaranki a wayar iyayensu suke cinye ta. To na'ura 20 me za su yi? Kwana a kabad. Shi kuwa babban allo, yaro ɗaya ne ke taɓawa, 19 sun zuba ido. Talabijin ce mai tsada kawai.

Ki sayi kwamfutocin hannu huɗu ko biyar, ki sa musu riga mai kauri, yara su riƙa zama huɗu-huɗu ko biyar-biyar na ɗan lokaci, malama na kusa. Gardamar da za su yi kan wa zai danna, da bayanin da wannan zai yi wa wancan, rabin karatun ke nan.

In iyaye sun tambaye ki ƙa'ida, ki nuna musu ta 2016 ta ISTE, ƙungiyar masu amfani da fasaha wajen koyarwa. Siffofi bakwai ta zayyana wa ɗalibi, ciki har da mai ƙirƙira, mai warware matsala mataki-mataki, da mai sanin ya kamata a intanet. Duk magana ce ta abin da yaro zai iya yi, ba ta yawan na'urori ba. A Ingila ma, tun 2014 ake koya wa 'yan shekara 5 yadda ake jera umarni ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawan wannan darasi ba ya bukatar allo.

Nan ne zan ce ki ɗan kashe kuɗi: ki nemi Bee-Bot, ɗan mutum-mutumi mai siffar ƙudan zuma da maɓallai a bayansa. Kowane taku nasa santimita 15 ne, yana kuma juyawa dama ko hagu. Ki ajiye kofi a ƙasa ki ce a kai shi wurin. Yarinya za ta danna gaba sau uku, ta sake shi, ya wuce kofin. Sai ki ji wani ya ce, "Biyu ne, ba uku ba!" A goge, a sake. Abin da masu rubuta manhaja ke yi ke nan duk yini, sai dai su ana biyan su. In bai samu ba, ki zana murabba'ai da alli a ƙasa, yaro ɗaya ya zama mutum-mutumin, sauran su ba shi umarni. Ragowar kuɗin ki horar da malamanki da shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tambaya: Ni malamin aji ne. Manhajojin yara sun yi yawa, kowace na cewa ta ilimi ce. Yaya zan tantance?

Amsa: Malam, ka zauna ka yi wasa da ita minti goma kafin yaro ya gan ta. In talla ta faɗo, ko ta ce a biya kafin a wuce mataki na gaba, ko ta nemi sunan yaro da hotonsa ba dalili, cire ta. Batun bayanan yara ba ƙarami ba ne. Amurka tun 1998 ta yi dokar da ta hana tattara bayanan 'yan ƙasa da shekara 13 a intanet sai da izinin iyaye. Sannan ka duba: yaron ne ke yin abu, ko manhajar ce ke yi tana tafa masa?

Ga 'yan 5 zuwa 7 akwai ScratchJr, kyauta ce, ta fito a 2014 daga masana na jami'o'in Tufts da MIT na Amurka. Yaro yana harhaɗa tubalai masu hoto, kyanwa ta yi tafiya ko ta yi tsalle, ko da bai iya karatu ba tukuna. Ga ƙananan kuwa, kyamarar na'urar ta fi yawancin manhajoji: ya ɗauki hoton ginin da ya yi, ya naɗi muryarsa yana bayani.

Tambaya: An yi mana tayin kwamfutocin hannu da aka yi amfani da su. Mu karɓa?

Amsa: Ku karɓa in batirin na riƙe caji kuma kamfanin bai daina sabunta mata manhaja ba. Ku goge duk abin da ke ciki, sannan ku kunna tsarin da ke kulle yaro a manhaja ɗaya; a iPad sunansa Guided Access.